Igwar da Mijina Ya Sassaƙa

A maƙabartar garinmu, Esuapo, can ƙarshe inda kaburbura suka ƙare yashin teku ya fara, akwai dutsen tunawa da mazanmu da suka tafi yaƙin Bama ba su dawo ba. Ba wani babban abu ba ne. Dogon dutse ne da ake shafa wa farar ƙasa duk shekara, da igwa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bakinsu yana kallon ruwa. Kakanninmu sun ce jirgin da aka yi ta jira ya dawo da mazan, da ya iso waɗannan ƙarafan ya sauke. Shi ya sa muke cewa sun san hanyar zuwa wajen mazan.

Ta hagu Kurma muke ce mata. Wani fasto mai zafin kai ne ya sa aka cika mata baki da siminti tun ba a haife ni ba, kafin ya kai ga ta biyun aka mayar da shi wani gari. Ta dama ita ce mai amsawa. In ka kai baki kusa da bakinta ka yi magana, sai ka ji wani gunji ya dawo maka daga ciki a hankali, irin na mutumin da ke sauraronka yana cewa uhm. Ranar tsofaffin sojoji, bayan an busa begila an zuba wa ƙasa giya, duk gidan da ya rasa mutum a can sai wani ya matso ya ba mamacin labarin gida: wance ta haihu, wane ya yi sabon kwalekwale, rufin ɗaki ya zube an gyara.

A zamanina masu yin haka duk sun ƙare, jikokinsu kuma kunya suke ji a gan su suna hira da ƙarfe. Mutum ɗaya ta rage, Maame Kwansima.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Ita ta koya mini bandar kifi tun ina amarya, da duka a hannu in na bar wuta ta yi yawa. Tana ciki aka tafi da ubanta, Kofur Arhin, ko hotonsa ba a bar mata ba. Uwarta ce ke ɗaga ta tana ƙarama ta ce, "Gai da Papanki." Tun daga lokacin ba ta taɓa fashi ba. Kuma ita ba ta tsayawa nesa kamar sauran. Sai ta fara kwantar da kuncinta na hagu a bayan igwar ta jima, sannan ta zagayo wajen baki. Akwai wani baƙin tabo a kuncin nan, kowa a garin ya san inda ta samo shi. 'Ya'yanta biyu duk sun riga ta, daga baya yanar ido ta makantar da ita gaba ɗaya, ni na zama mai ja mata hannu.

To sai maganar ruwa ta shigo. Rijiyoyinmu duk gishiri ne, sai dai wanki. Ruwan sha can bayan fadama muke ɗaukowa a ka, shi ma in damina ta yi nisa yara su yi ta gudawa. Ni kaina wuyana ba ya juyawa dama sosai, aikin daro ne. Ana nan wani mai otal da ya gina wurinsa a bakin teku, gaba da mu kaɗan, ya zo maƙabarta da baƙinsa suna ɗaukar hoto, idonsa ya faɗa kan igwar dama.

An yi taron ranar Talata, ranar da ba a shiga teku, a rumfar da ake ɗinkin komar kamun kifi. Sarkin masuntanmu, Egya Amisa, ya miƙe ya ce mutumin zai haƙa mana rijiyar burtsatse, da tanki, da famfo a tsakiyar gari. Abin da yake so igwa ɗaya ce, ya ƙawata wurinsa.

"A ba shi Kurma mana," in ji wani.

"Ya duba ta. Ya ce ta tsage a gindi, kuma ba ta da tambarin kambi. Ta dama yake so."

Sai mata suka ɗauki maganar. Ba zan ce muryata ba ta ciki ba, ina da baki kuma kowa ya sani. Aka ce matattu ba sa shan ruwa. Aka ce sunayen suna nan a jikin dutse, ba wanda ya taɓa su. Sai wata ta ce, "Maame Kwansima fa?" Nan kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Mijina ne ya ɗaga hannu. Egya Bondzi masassaƙin kwalekwale ne, kuma Allah ya ba shi hannu, amma ya haɗa masa da son a yaba. Ya ce, "Ni zan sassaƙa wata. In na gama, ko wanda ya ƙera ta asalin ya zo sai ya rantse tasa ce. Balle tsohuwar da ba ta gani."

Aka yi dariya, aka ji sauƙi. Har aka ce ai tausayi ne, don kar a tayar mata da hankali. Ba wanda ya ce a je a tambaye ta.

Ranar da mota mai ƙugiya ta zo ɗaukar igwar, na kai Maame wajen murhuna na banda na ƙure rediyo.

"Bentuma, kurumcewa kika yi ne?" ta ce. "Ni ce makauniya, ke kuma ga ki nan. Gidan nan ya cika."

Na yi dariya na ce waƙar ce nake so.

Bondzi ya yi aiki, wannan ba zan hana shi ba. Kafin a ɗauke ta ya auna ta ko'ina da igiya. Ya sami gungumen icen kwalekwale mai kauri, ya yi ta bi da gizago a inuwar rumfarsa. Ya fitar da tambarin kambi, ya fitar da zoben wuya, har ɗan ɓallin da ke leɓenta na ƙasa bai manta ba. Ya karɓo irin hodar da masu gyaran jikin mota ke shafawa, ya lulluɓe icen da ita har ya yi tauri, ya bi da baƙin fenti da ɗan yashi a ciki don ya yi kaushi irin na tsohon ƙarfe. Sannan ya huda cikin ya zura bututun da masu haƙa rijiya suka bari.

"Zo ki yi magana a ciki," ya ce mini.

Na sunkuya na ce, "Egya Bondzi, yaushe za ka gyara mini ƙofar kicin?" Sai na ji gunjin nan ya dawo, uhm, sak irin na da.

"Kin ji ko? Har ta fi ki ladabi, ita tana amsawa a hankali."

"Ita ma ka aure ta ka gani."

Maza suka yi ta zuwa suna ƙwanƙwasawa suna shafawa, suna cewa kai, Bondzi, kai ba mutum ba ne. Aka kai ta maƙabarta aka ɗora a mazaunin ta da. Famfo kuwa ya zo, ruwa fari tas, ba gishiri. Ranar farko yara sun yi wanka a gindinsa har uwayensu suka kore su. Na kai wa Maame kofi ɗaya ta sha ta ce, "Wa ya yi mana wannan alheri?" Na ce mai otal ne, don Allah. Ta sa masa albarka mai tsawo.

Da watan Nuwamba ya matso, watan ranar tsofaffin sojoji, jikin Maame ya fara gazawa. Ƙafafu suka kumbura, dokunu ɗaya, tuwon masararmu, sai ta yini ba ta cinye ba. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, "Bentuma, bana ba labarin gari zan kai wa Papa ba. Nawa zan kai."

"Wane naki kuma?"

"Ina tafe, ai kin gani. To ki duba, shi bai taɓa ganina ba, ni ban taɓa ganinsa ba. Ya tafi yana saurayi, ni ga ni tsohuwa ba haƙora. In na isa can cikin taron nan, ta yaya zai gane 'yarsa? Sai in wuce shi ya wuce ni. Dole in gaya masa alamar da zai duba." Ta taɓa tsakiyar da ke ɗaure a hannunta, dutsen ado ne na uwarta. "Wannan ya san ta, shi ya saya."

Na ce ta daina wannan magana, tana nan da sauranta. Amma hannuna ya tsaya a kanta har ta ce in ci gaba ko in ba wata.

Ranar ta zo da rana mai zafi. An shafa wa dutsen farar ƙasa, 'yan makaranta sun yi layi, fasto ya yi addu'a, aka busa begila. Ban taɓa ganin mutane sun cika wurin kamar ranar ba, kuma na san abin da ya kawo su. Sun zo kallon aikin Bondzi. Shi kuwa yana tsaye ya yafa sabon zane, yana murmushi kamar ranar aurensa. Egya Amisa ya zuba giya, ya ce ko akwai mai labarin gida.

Na ja Maame zuwa wurin. Ta laluba ta sami bayan igwar, ta kwantar da kuncinta.

Ta ɗago da sauri. Ta sake kwantarwa, ta matsa gaba kaɗan, ta matsa baya. Sai ta ɗaga fuskarta sama tana neman rana, rana kuwa tana nan a tsakiyar kanmu tana dukan kowa.

A lokacin na gane. Duk mun zauna mun yi tunanin kunnen makauniya da yatsunta, ba wanda ya tuna kuncinta. Ƙarfen nan in rana ta take ko tafin hannu ba ya zama a kansa, zafinsa ne ya yi mata tabon da muke gani kullum. Ice kuwa ɗumi kawai yake yi. A inuwa aka sassaƙa shi, a inuwa aka gwada shi, duk masu yabon ba wanda ya taɓa kai fuskarsa jikin igwa a rayuwarsa.

Na jira ta ce wannan ba ita ba ce. Na jira ta zage mu, har na shirya kaina. Ba ta yi ba. Ta zagaya wajen bakin a hankali ta ce, "Papa, ni ce Kwansima." Bututun Bondzi ya ce uhm. Ta tsaya. Sai ta juyo ta nemi hannuna.

"Mu je gida, Bentuma. Ya yi sanyi da ni."

"Maame, ba ki faɗi saƙon ba."

"Ba a ba mai fushi saƙo. Tun ina goye bai taɓa karɓata da sanyi ba. Na yi wani abu."

Ta faɗa a fili, kowa ya ji. Mutum ɗari da wani abu a tsaye, manya da rigunan coci, ba wanda ya yi tari. Na dubi Egya Amisa, yana gyara murfin kwalba. Na dubi mijina, murmushin yana nan a fuskarsa ya bushe, ya rasa yadda zai sauke shi. Ni ma da nake da baki ban ce komai ba. Muka ratsa kaburbura muka fita, ina jin idanun mutane a bayana.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Maame ta zauna ta yi ta tonon rayuwarta tana neman laifin da ya ɓata wa ubanta rai. Da ta rasa wanda za ta kama, sai ta ce in kai ta gida gida ta nemi gafara, ko cikin waɗanda ta saɓa wa akwai wanda kukansa ya kai can.

"Ki bari mana, wa kika taɓa yi wa laifi a garin nan?"

"In ba za ki kai ni ba, in rarrafa."

Na kai ta. Mun je gidan wata da suka yi faɗa kan itacen banda tun ina yarinya. Maame ta durƙusa a ƙofarta da kumburarrun ƙafafun nan, matar tana riƙe da bokitin ruwan famfo, ta rasa inda za ta ajiye shi. Mun je wajen fasto, wai ta taɓa yin barci yana wa'azi. Mun je gidan Egya Amisa, wai ta taɓa ce masa mai kunnen faranti yana yaro. Ya ce, "Haba Maame, haba Maame, ba komai, na yafe," yana magana yana kallon bango. Kowa ya yafe mata. Ka ji fa, mu ne muke yafe mata. Wasu in sun hango mu tafe sai su sulale ta bayan gida, in ji yara suna cewa ba sa nan.

Duk gidan da muka fito sai ta ce, "Kina ganin wannan ne?" In ce ban sani ba. Abinci kuwa ta daina ci, ta ce ba ta ci ba sai ya huce.

A gida na tasa Bondzi gaba. Na ce, "Gwanin gwanaye, ka ga aikinka? Tsohuwa za ta mutu tana ganin ubanta ya juya mata baya."

"Ni kaɗai na yi? Muryar wa ta fi ƙarfi a rumfa? Wa ya ƙure rediyo?"

"To mu gaya mata."

"Ki gaya mata me? Cewa garin nan kaf, har ke da ke ja mata hannu, mun sayar da ubanta mun ba ta gungume? Wannan ne zai kashe ta." Sannan ya ce, "Zan iya lulluɓe bayan da farantin ƙarfe. In rana ta buga shi zai yi zafi."

Na dube shi kawai. Shi ma da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi tana zaune a ƙofarta ta ce, "Saura gida ɗaya. Kai ni wajen mijinki."

Yana rumfarsa yana feƙe wani katako. Ta saki hannuna ta durƙusa cikin ɓawon itace.

"Bondzi, ɗana. Lokacin da ka zo neman Bentuma, na ce mata kar ta yarda, na ce hannunka ya fi kanka. Na ɓata ka a bayan idonka. Ka yafe mini, ko Papa ya huce."

Gizagon ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa a gabanta.

"Maame, gaskiya kika faɗa. Tashi, don Allah tashi. Ba Papanki ba ne ya yi sanyi. Ice ne. Ni na sassaƙa."

Daga nan ya kasa, ni na ƙarasa. Na faɗi taron rumfa, da famfo, da mota mai ƙugiya, da rediyo. Ina faɗa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, tana durƙushe.

"Kenan ba fushi ya yi ba," ta ce.

"A'a, Maame."

Ta sauke numfashi mai tsawo, sai na ga hawaye suna bin tabon nan. Ta ce, "Yana ina yanzu?"

Na ce yana otal. Ta ce ba za a je ba sai rana ta take. Bondzi ya goya ta a bayansa muka bi bakin teku. Ban san yadda labari ya bazu ba, kafin mu wuce inda ake jan kwalekwale mutane sun biyo mu, Egya Amisa a gaba. Mai gadin otal ɗan garinmu ne. Ya dube mu, ya dubi wadda ke goye, ya buɗe ƙofa ya koma gefe.

Igwar tana bakin kwamin wanka, tsakanin kujerun kwanciya. An goge ta tana ƙyalli. Wani baƙo ya shanya jiƙaƙƙen gajeren wandonsa a bayanta, don ya lura ta fi ko'ina saurin busar da kaya. Na cire shi da yatsu biyu na jefar. Cikin bakin kuwa murafan kwalba ne da guntayen taba da bawon lemo. Na sa hannu zan kwashe kafin ta sani, ta ce, "Bari, na ji ƙararsu. Ni zan yi." Ta zura hannu har kafaɗa ta yi ta fitarwa tana tarawa a zaninta. Baƙin da ke cikin ruwa suka daina iyo suna kallonmu, wata ta ɗaga waya, Egya Amisa ya tsaya a gabanta har ta sauke.

Sannan Maame ta kwantar da kuncinta. Daga inda nake ina jin hucin ƙarfen. Ba ta ɗago ba, ta jima sosai, har na ga fatar ta fara ja.

"Ga shi nan," ta ce, kamar mai magana da kanta.

Ta zagayo wajen baki.

"Papa, ni ce Kwansima. Ashe ƙaura aka yi da kai ba a yi maka sallama ba. Ni ma ba a gaya mini ba, da na zo na rako ka. Ruwa aka samu da kai, Papa. Mai daɗi ne, na sha, yara sun daina ciwon ciki. Kar ka riƙe mutanen gari a zuci."

Igwar ta ce uhm. Wannan gunjin ya fi na bututu nisa, yanzu da na ji su biyun ban san yadda muka ruɗi kanmu ba.

"To ga abin da ya kawo ni. Ina tafe, ba da jimawa ba. Da na ce ka duba tsakiyar uwata a hannuna, amma na yi tunani, mata da yawa suna zuwa da tsakiya, za ka sha wahalar dubawa. Ka duba wadda za ta zo a cikin igwar itace. Ba za ka ga biyunta ba. Ni ce."

Bondzi ya ce, "Maame, ki yi mini rai."

Ta juyo inda muryarsa take. "Ba horo ba ne, ɗana. Ka tsaga ta ka rarake kamar kwalekwale, ai ba ni da wani jiki yanzu, zan shiga. Tun da nake a garin nan ba a taɓa zama an yi wani abu don ni kaɗai ba sai wannan. Kayana ne, da shi zan tafi."

Egya Amisa ya matso, hularsa a hannu. "Maame, mun ji tsoro ne. Mun ga in an tambaye ki za ki ƙi."

"Da na ƙi mana. In ƙi, in yi kuka, in je in gaya masa, sannan in yarda. Mutumin da ya je Bama saboda garin nan, otal ne zai gagare shi? Ni ma shekara nawa ina ɗaukar ruwa daga fadama, kuna tsammani wuyana na ƙarfe ne?" Ta gyara ƙullin sharar da ke zaninta. "Amisa, idona ne ya mutu. Ni ina nan, katanga ɗaya da Bentuma."

Bondzi ya durƙusa ta hau bayansa muka juyo. A hanya ta ce yunwa take ji, in soya mata kifi da barkono.

Ba ta kai Kirsimeti ba. Bondzi da kansa ya je maƙabarta da rana tsaka ya sauko da igwar, ba wanda ya taya shi sai da ya nema. Ya tsaga ta tsawonta, ya cire bututun, ya rarake cikin. Wannan karon bai kira kowa ya zo ya gani ba, in ma wani ya leƙo rumfar sai ya juya masa baya. Ni na yi mata wanka na sa mata tsakiyar uwarta duk da haka. Ta shiga daidai.

A garinmu gawa ba ta tafiya maƙabarta sai ta zaga gari ta yi bankwana. Haka aka ɗauki baƙar igwar nan a kafaɗa, da tambarin kambinta da ɓallin leɓenta, aka bi da ita layi layi. 'Yan uwa da suka zo daga wasu garuruwa suna ta yaba akwatin, suna tambaya wane ne gwanin, kuma me ya sa igwa. Duk wanda aka tambaya sai ya ce a tambayi na gaba. Da muka iso tsakiyar gari matan da ke layin ruwa suka kashe famfo suka tsaya, ba wadda ta iya ɗaga ido har muka wuce. Mun binne ta kusa da dutsen, gefen dama, inda mazaunin igwar yake fili.

Muna shan ruwan har yau, ba zan yi ƙarya ba. An yi maganar a je a roƙi mai otal, an kuma yi maganar in ya ce a mayar masa da famfonsa fa, maganar ta tsaya nan.

Bana ma an shafa farar ƙasa, an busa begila, mutane ba su kai rabin na bara ba. Egya Amisa ya zuba giya, ya ce ko akwai mai labarin gida, don haka aka saba faɗa. Ni ina da shi cike da baki. Ina so in gaya wa Maame 'yata ta haihu mace, mun sa mata Kwansima, kuma Bondzi ya gyara ƙofar kicin. Ina so in tambaye ta ko Papanta ya gane ta. Har na taka na fito daga cikin mutane, sai na tsaya a tsakiyar fili. Kurma ce kaɗai a wurin, da simintinta a baki.